Haɗa Ƙananan Samfuran Jiragen Tsere na Farko: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga masu son haɗa ƙananan samfuran jiragen tsere na dauri, irin waɗanda ake ajiyewa don kallo, ba masu tashi ba. An fara da na sabon shiga, sannan aka gangara zuwa masu buƙatar hannu ya faɗa.

1. Waɗanne jirage ake nufi da jiragen tsere na farko?

Galibi ana nufin waɗanda aka ƙera domin gasa daga 1909 zuwa ɓarkewar yaƙin duniya na biyu. A watan Agustan 1909 aka yi babban taron jirage a Reims ta ƙasar Faransa, inda Ba'amurke Glenn Curtiss ya ci kofin Gordon Bennett da gudun kusan kilomita 75 a awa. Shekara huɗu kacal bayan haka Maurice Prévost ya ci wannan kofi a jirgin Deperdussin da gudun da ya haura kilomita 200 a awa.

Masu wannan sha'awa sun fi karkata ga gida uku. Akwai jiragen katako da yadi na kafin 1914. Akwai masu tashi daga kan ruwa na gasar kofin Schneider, wadda aka fara a Monaco a 1913, Ingila ta mallake kofin a 1931 da Supermarine S.6B. Sai jiragen tseren Amurka na gasar birnin Cleveland irin su Gee Bee, da takwarorinsu na Turai kamar Caudron C.460 da de Havilland Comet. Kowane gida da irin wahalarsa: na farko wayoyi, na biyu saita ƙafafun da suke zama da su a kan ruwa, na uku fenti.

2. Me 1/72, 1/48 da 1/32 ke nufi, kuma wanne ya fi dacewa?

Lambar ƙasa ita ce yawan ninkin da aka rage jirgin. Faɗin fikafikan S.6B mita 9.14 ne, don haka a 1/72 zai zo santimita 12.7, a 1/48 santimita 19, a 1/32 kuma kusan 28.6. Jiragen tsere ƙanana ne tun asali, domin an matse su ne a jikin inji. Deperdussin na 1913 a 1/72 bai kai santimita 10 ba, ya zauna a tafin hannu har da saura.

Saboda haka 1/48 ya fi dacewa da yawancinsu: ana ganin aikin, kuma huda ramin waya bai zama azaba ba. A bar 1/72 ga manya irin Comet, mai faɗin mita 13.4, wanda zai zo wajen santimita 18.6. Shi 1/32 yana da kyau ga Gee Bee, amma duk wani aibu da ke jikin fenti ninkuwa yake yi.

3. Da wane jirgi zan fara?

Da Comet a 1/72. Ba shi da waya ko ɗaya a waje, launinsa guda ne, sassansa kaɗan ne. Kamfanin Airfix ya daɗe yana fitar da shi. Darasin da zai koyar shi ne goge layin haɗi da fesa fenti mai sheƙi, kuma waɗannan biyu su ne rabin sana'ar. Na biyu ya zama Gee Bee, mai wayoyi kaɗan da launi biyu. Mai ƙafafun ruwa ya zo na uku. Wanda ya fara da Blériot ko Deperdussin don kawai sun burge shi a hoto, sau da yawa kwalin yakan ƙare a saman kabad.

4. Mene ne bambancin samfurin roba da na rezin?

Na roba shi ne wanda sassansa ke zuwa a maƙale jikin firam, ana haɗa su da gam mai narkar da robar ta zama abu ɗaya. Tsofaffin samfuran kamfanin Hawk a 1/48 da na Williams Brothers a 1/32 duk irinsa ne, haka na Dora Wings na baya-bayan nan. Tsofaffin suna da sauƙin kuɗi amma mazaunin matuƙi kusan fayau yake, sai an ƙara da hannu.

Rezin kuwa zuba shi ake yi a ƙaramin mazubi, shi ya sa ƙananan kamfanoni irin SBS Model ke iya fitar da jiragen da manya ba su kula ba. Zanensa ya fi fita tsaf, amma gam ɗin roba ba ya kama shi, sai sufa gulu ko gam mai haɗi biyu, wanda ake cakuɗa sinadaransa biyu kafin a shafa. A wanke sassan da ruwan ɗumi da sabulun wanke-wanke kafin komai, domin maiƙon mazubi yana hana fenti zama. In fiffike ya zo a lanƙwashe, a tsoma shi a ruwan zafi wanda bai tafasa ba na kusan rabin minti, a miƙe shi a kan gilashi, a zuba masa ruwan sanyi. Garin rezin yana cutar da huhu, don haka a jiƙe ake goge shi, da takunkumi a hanci.

5. Waɗanne kayan aiki ne ba makawa?

Wuƙar aiki mai canjin reza, ƙaramin almakashin yanke sassa daga firam, hantsaki mai tsini, samfefa mai lamba 400, 600, 1000 da 2000, gam na ruwa irin Tamiya Extra Thin, sufa gulu, farin gam na kafinta, foti na cike rami, tef na rufe fenti, da abin huda na hannu mai bakuna daga milimita 0.3 zuwa 1. A sayi bakin 0.3 da yawa, karyewa yake yi da ɗan karkata hannu. Sai wayar tagulla ta milimita 0.5 domin ƙarfafa sanduna.

Bindigar feshi ba dole ba ce ga samfurin farko, gwangwanin feshi zai yi. Amma daga lokacin da aka zo kan launin ƙarfe da launi biyu, burushi ba zai ba da abin da ake nema ba.

6. Na goge layin haɗin gangar jiki, amma bayan fenti sai ya dawo. Me ya jawo?

Gaggawa ce. Gam na ruwa yana narkar da roba, kuma wurin yana ci gaba da janyewa kwanaki bayan ya yi kamar ya bushe. In aka goge washegari aka yi fenti, bayan mako sai siririn layi ya lotsa a tsakiyar bayan jirgin. Foti ma haka yake janyewa. A jirgin yaƙi mai fenti dishi-dishi da dabbare-dabbare ana iya tsira da wannan, amma jirgin tsere ba shi da inda aibu zai ɓuya: jiki ne sumul, launi ɗaya, yana ɗaukar ido.

Maganin shi ne a bar haɗin ya yi aƙalla kwana uku, mako ɗaya ya fi. Sannan a cike layin da sufa gulu maimakon foti, domin shi ba ya janyewa. A goge shi cikin awa ɗaya, in ya kwana yakan fi robar tauri, sai samfefa ta cinye gefe da gefe ta bar tudu a tsakiya. A naɗe samfefar a jikin abu mai ɗan laushi, a riƙa gogewa a zagaye da jiki don kada bayan jirgin ya baje. A fesa fentin share fage mai ruwan toka, a duba da tocila daga gefe. In an ga layi, a maimaita. Sau biyu ko uku ba abin mamaki ba ne.

7. Yaya ake saita ƙafafun jirgin Schneider su tsaya daidai?

Da yawa daga cikin waɗannan jirage a kan dogayen ƙafafu biyu masu siffar kwale-kwale suke zaune, sanduna huɗu sirara ne ke riƙe da gangar jiki, kuma ido yana gane karkatar milimita ɗaya. Ba a yin wannan aiki a hannu. A sami allo mai shafaffen fuska, a ja layin tsakiya, a ja layi biyu a gefensa daidai tazarar da zanen jirgin ya nuna. A kafa kwale-kwalen biyu a kan layukan da ɗigon farin gam, wanda zai saki daga baya in an jiƙa shi. A yanka kwali mai kauri gida biyu a yi wa gangar jiki matashi, ɗaya a gaba ɗaya a wajen wutsiya, ta zauna a tsayin da ya kamata.

Kowace sanda a huda ta sama da ƙasa, a sa guntun wayar tagulla ta 0.5, a bar milimita biyu a waje, a huda mata mazauni a jiki da kwale-kwale. A gwada komai ba gam har sai ya zauna ba tare da an danna ba. Gam mai haɗi biyu na minti biyar ya fi sufa gulu a nan, domin yana ba da damar gyara. Kafin ya kama, a ja da baya kamar mita biyu a ɗauki hoto da waya daga gaba: hoto yana tona karkatar da ido ya saba da ita.

A kula, ba kowane rashin daidaito ne kuskure ba. A Supermarine S.5 na 1927, ƙafar dama ce ke ɗauke da tankin mai, kuma an nesanta ta daga tsakiya da kusan santimita 20 fiye da ta hagu domin ta rage murɗar inji. A 1/48 wajen milimita huɗu ke nan. Wanda ya "gyara" wannan ya ɓata.

8. Da me ake yin wayoyin ɗauri, kuma yaushe ake sa su?

Hanya uku ce. Zaren kamun kifi na milimita 0.1 ya dace da 1/48, domin daidai yake da waya mai kaurin kusan milimita biyar a jirgin gaske, kuma yana ƙara wa samfurin ƙarfi. Zare mai talewa irin EZ Line ya fi sauƙi, yana yafe taɓawar yatsa, amma ba ya riƙe komai. Na uku shi ne a ɗumama guntun firam ɗin roba a kan kyandir a ja shi ya zama zare. Kyauta ne, sai dai saurin tsinkewa. Jiragen Schneider da Gee Bee wayoyinsu falle ne, masu faɗi kamar ganyen ciyawa, don rage jan iska. A 1/48 zuwa sama wannan yana nunawa, sai a nemi zare mai faɗi ko siraran ƙarafan da ake sayarwa don haka, a tabbatar bakin faɗin ya bi hanyar iska, bai murɗe ba.

Huda tun kafin fenti, sa waya bayan fenti da sitika. A huda ramin a karkace, ya fuskanci inda wayar za ta nufa, in ba haka ba za ta yi gwiwa a bakin ramin. A kafa ƙarshen farko da ɗigon sufa gulu a bakin allura, a jira ya kama, a zura ɗaya ƙarshen ya ratsa fiffike, a rataya masa maƙalin shanya ya ja shi, a ɗiga gam, a yanke saura da sabuwar reza. A riƙa yin hagu da dama bi da bi, domin in aka gama gefe ɗaya tukuna zai janye fiffiken. Zaren kifi da ya saki, a kusanto masa da kan ashanar da aka hure yanzu, zai miƙe nan take. In aka matso da yawa kuma ya tsinke.

9. Me ya sa jan fentina ke fitowa da duhu, kuma yaya ake raba ja da fari a Gee Bee?

Ja fenti ne mai shara-shara, abin da ke ƙasansa yake nunawa. A kan ruwan toka zai koma kamar jinin kare, a kan fari ko ruwan hoda zai fito jawur. Wannan ya shafi Comet mai lambar rajista G-ACSS da jajayen Macchi na Italiya gaba ɗaya. A sirka fenti da tina kusan rabi da rabi, iska tsakanin 15 da 20 a ma'aunin psi na agogon kwamfuresa, tazara kamar santimita goma. A fara da shafi biyu marasa nauyi, minti goma tsakani, sannan shafi ɗaya jiƙaƙƙe wanda ke sheƙi yana sauka. In ya fito da gurji-gurji kamar ɓawon lemo, duba tambaya ta 13.

A Gee Bee fari ake fara fesawa ko'ina, a bar shi kwana biyu. A yi hoton zanen bakin jan a takarda daidai girma, a ɗora a kan tef da aka manna a gilashi, a yanka da sabuwar reza, hagu da dama a lokaci ɗaya don su zo iri guda. Bayan an manna, a bi bakin tef ɗin da tsinken sakace, a fesa masa ɗan farin nan tukuna: in akwai kafar da fenti zai kurɗa, fari ne zai toshe ta. Sannan ja, ana fesawa daga kan tef zuwa waje. A cire tef bayan kamar awa ɗaya, ana jan sa baya a kwance.

10. Waɗannan faffaɗan wurare masu launin ƙarfe a fikafikai, mene ne su?

Lagireto ne. Maƙeran jiragen Schneider na ƙarshe-ƙarshe ba su yarda su rataya lagireto a iska ba, sai suka mayar da fatar jirgin kanta abin sanyaya ruwa. A S.6B fuskar fikafikai da saman ƙafafu duk wannan aiki suke yi, man inji kuma yana bi ta bututun da ke kwance a gefen jiki har zuwa wutsiya. A Macchi M.C.72, wanda Francesco Agello ya kafa tarihin kilomita 709 a awa da shi a 1934, lagireton mai launin tagulla ya mamaye fikafikai da ƙafafu har da sanduna. Kada a goge zanen waɗannan wurare garin gyaran haɗi. A rufe su da tef kafin a ɗauki samfefa.

Fentin ƙarfe irin Alclad yana son ƙasa baƙa mai sheƙi, da iska kaɗan, da shafi siriri. Ba ya son tef, don haka in zai yiwu a fara da launin jiki, a rufe shi, ƙarfe ya zo ƙarshe.

11. Yaya ake fitar da kamannin katako da yadi a jiragen kafin 1914?

Ga farfela da sanduna: a shafa ruwan ƙasa mai haske, ya bushe, sannan a ɗora fentin mai irin na masu zane, ruwan ƙasa mai duhu, a share yawancinsa da guntun soso ana ja ta fuska ɗaya. Layukan da suka rage su ne jijiyar katako. Yana ɗaukar kwana huɗu zuwa mako kafin ya bushe, daga nan a rufe da fenti garai mai ruwan lemo. Yadin lilin da aka shafe bai zama fari fat ba, ruwan madara ne da ke nuna inuwar haƙarƙarin fiffike in rana ta bugo. A ja layukan haƙarƙarin da fensir mai ruwan ƙasa a ƙasan fiffike, a fesa ruwan madara sama-sama har su kusa ɓacewa.

Injin Gnome na wancan zamani gaba ɗayansa yake juyawa tare da farfela, don haka a manne su wuri guda. Man zurma yake sha yana fesarwa, saboda haka ɗan dabbaren mai a bayan murfin inji da ƙarƙashin jiki daidai ne. Iyakar dattin ke nan. Jirgin tsere goge shi ake yi kafin kowane tashi, tsatsa da ƙwarzane ba nasa ba ne. Yawancin masu fiffike ɗaya na lokacin murɗa fiffike suke yi don juyawa, shi ya sa wayoyi ke tashi daga ɗan turken da ke gaban matuƙi. Tsarin sa su yana tambaya ta 8.

12. Lambobi da alamomi sun bambanta daga hoto zuwa hoto. Wanne zan bi?

A zaɓi jirgi ɗaya a gasa ɗaya tun kafin a buɗe gam. Curtiss R3C misali ne mai kyau: a 1925 ya ci kofin Pulitzer da tayoyi, makonni kaɗan bayan haka aka sa masa ƙafafun ruwa Jimmy Doolittle ya ci Schneider da shi, da wata lambar daban. Gee Bee R-1 lamba 11 ne, R-2 lamba 7, kuma injin R-2 ya fi ƙanƙanta, murfinsa ya fi tsukewa, don haka sauya sitika kaɗai bai mayar da wannan wancan ba. Comet uku ne suka shiga tseren Ingila zuwa Melbourne a 1934: ja mai lambar tsere 34 wanda ya ci, baƙi, da kore. Hotunan ranar gasa sun fi abin da ke gidan tarihi ƙarfin hujja, domin na gidan tarihi wani an sake masa fenti, wani ma kwaikwayo ne, kamar duk Gee Bee R-1 da ake gani yau.

Sitikar ruwa a kan fuska mai sheƙi kaɗai take kwanciya, in ba haka ba iska ta maƙale a ƙasanta ta yi fari-fari. Ta tsohon kwali takan tarwatse a ruwa. A gwada da wadda ba a buƙata, in ta fashe a shafa wa takardar fenti garai tukuna. Farar lamba a kan ja takan koma ruwan hoda, sai a fesa fari a wurin ko a ninka sitika biyu.

13. Zafi da ƙurar hunturu suna ɓata min fenti. Akwai dabara?

A bazara fenti yakan bushe a iska kafin ya sauka, shi ne ke kawo gurji. A yi feshi da sassafe, a ƙara tina, a matso kusa kaɗan, a sa ɗigo biyu na ruwan jinkirta bushewa. In ya riga ya faru, a bar shi ya bushe sarai, a goge da 2000 a jiƙe, a sake shafi ɗaya. Da hunturu a yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki, a kashe fanka, a kife roba mai tsabta a kan samfurin da zarar an ajiye bindiga. Da damina kuma laima ce matsala: fenti ya yi hazo-hazo, ruwa ya taru a tiyo ya tofo, don haka a sa matarar ruwa a kwamfuresa, a adana sitika a leda mai zif.

Fentin gwangwani na mota da ake samu a kasuwa yana da zafi, yakan ci roba. A gwada shi a guntun firam, kuma kada a fesa shi sai a kan fentin share fage.

14. Jirgin da nake so babu samfurinsa a kasuwa. Zan iya ƙera shi daga tushe?

Ana yi, kuma jiragen tsere sun fi sauƙi saboda siffarsu ba ta da tarkace. Wanda ya taɓa fere motar kara yana yaro ya riga ya san tushen abin, bambancin awo ne. A sami zane mai nuna gaba, gefe da sama. Daga 1/72 zuwa 1/48 a ƙara girma zuwa kashi 150 cikin ɗari a injin hoto, haka daga 1/48 zuwa 1/32. A ja layin santimita goma a tsaye da kwance kafin a buga, a auna bayan an buga, domin wasu injuna suna jan hoto ta gefe ɗaya.

Gangar jiki a fere ta daga katako mai laushi, ana gwadawa da kwalayen da aka yanka daidai siffar kowane sashe. Fiffiken yadi kuma a yi masa ƙashi da falle mai kauri, a lulluɓe da fallen roba na milimita 0.25 wanda aka ja wa layukan haƙarƙari ta ciki da biron da ya ƙare, su taso ta waje. A yi amfani da gam kaɗan ƙwarai a nan, yana narkar da fallen ya lotsa. Inji, tayoyi da farfela ana iya ɗaukowa daga wani samfurin mai ma'auni ɗaya.

15. Yaya zan ajiye shi bayan na gama?

A cikin akwatin gilashi ko na roba garai, nesa da taga, domin rana tana kashe ja tana kuma lanƙwasa roba. Murfin mazaunin matuƙi da farin gam ake manna shi, hayaƙin sufa gulu yana sa shi fari. Mai ƙafafun ruwa ba ya zama daidai a kan tebur, sai a ƙera masa ɗan keken da ake turo irinsu bakin ruwa da shi, daga guntayen roba da tayoyi biyu. In za a yi tafiya da shi, a yanka soso ya tallafi gangar jiki kaɗai, fikafikai da wayoyi su kasance a sarari ba abin da ya taɓa su, kuma kada a bar kwalin a motar da ke tsaye a rana.